Fatar da Muka Jeme a Tsakar Gida

Ƙullin ya iso da hantsi, naɗe cikin sabon farin ƙyalle. Taubashina ne ya kawo, babban ɗan kawunmu, wanda ke tsaye a kan majema idan uban ba ya nan. Ya ajiye a tabarma gaban Inna, ya dube ni ya ce, "'Yar rediyo, ga kanun labarai. Sai ki karanta wa ƙanwarki."

Ƙanwar tawa ita ce autar ɗakinmu, kuma Auta muke ce mata har yanzu da take koyarwa a jami'a. Saboda wannan ƙulli ta baro makaranta ta zo Azare. Ta durƙusa ta kwance shi. Yankakkun fatar akuya ne, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba, jajaye da rinin karan dafi, sun sha mai, an daidaita gefunansu da wuƙa mai kaifi. Ko ni da ba sana'ata ba ce na san an yi aiki. Inna ta shafa ɗaya ta ce, "Masha Allah. Kawunki Alhaji ya fitar da ke kunya."

Auta ta ɗauki ɗaya ta juya, ta ajiye, ta ɗauki wani ta kai hanci. Haka ta bi su duka. Sannan ta zame ta zauna a ƙasa.

"Adda," ta ce da ni, "ya gama su. Duka ya gama su."

Na daɗe a gidan rediyo, kuma abin da aka fara koya mini shi ne kada in bar mai sauraro a baya. Don haka ga dalilin da kyakkyawar fata ta zaunar da ƙanwata a ƙasa.

Tambayar da Auta ta daɗe tana bi ita ce: me ya sa fatar akuyar da aka jeme da bagaruwa take da laushi amma take da wuyar yagewa, kuma a wane mataki na jima take samun wannan hali? Fata saƙa ce. Zaruruwa ne sirara, sunansu kolajin, sun sarƙe da juna, kowane zare da gaɓoɓi a jere kamar na rake. Tazarar gaɓa da gaɓa ba ta kai nanomita saba'in ba. Nanomita kuwa, ɗauki milimita ɗaya, ƙaramin layin nan na jikin rula, ka raba shi gida miliyan. Kashi ɗaya shi ne. Ido ba ya kaiwa nan, madubin likita na asibiti ma ba ya kaiwa.

Hasken eksire yana kaiwa, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ta wata hanya dabam. Idan ka ɗaga siririn mayafi ka dubi fitila mai nisa ta cikinsa, za ka ga hasken ya watsu ya yi zane. Daga zanen ana iya lissafa kusancin zaruruwan mayafin ko ba a ƙirga su ba. Haka ake yi wa fata. A ratsa ta da tsinken haske, mafi yawansa ya wuce sak, kaɗan ya karkace, a tare wanda ya karkacen a kan wani faranti can ƙarshen dogon bututu. Akwai ƙananan na'urori masu yin wannan, amma haskensu ba shi da ƙarfi. Wadda Auta ke nema sunanta sinkiroturon. Gini ne zagayayye, ya kai girman filin ƙwallo har ya fi. A cikinsa ƙwayoyin lantarki suna gudu a da'ira kusa da saurin haske, maganaɗisu yana lanƙwasa musu hanya. Duk inda aka lanƙwasa su sai su zubar da haske mai tsananin ƙarfi, a ja shi zuwa ɗakunan awo da ke kewaye da ginin. Babu irin wannan gini ko ɗaya a Afirka.

Shiga wurin sai da nema. Masu bincike daga ko'ina suna bayyana abin da suke son aunawa, kwamiti ya tace. Karon farko an ƙi Auta. Karo na biyu aka ba ta ɗan lokaci a wata ƙasa ta ƙetare, aka tsayar da rana, kuma ranar ba ta matsawa don kowa. Wanda ya zo hannu wofi, na bayansa ya shiga, shi ya koma layi, babu tabbacin za a sake kiransa.

Abin da take bukata ba shi da yawa. Fata ɗaya, a riƙa yankar ɗan yanki daga gadon bayanta a kowane mataki: ɗanya, bayan toka, bayan an kankare gashi, bayan kashin kaji, bayan bagaruwa, bayan mai. A busar da kowanne a inda ya tsaya. Idan aka jera su gaban hasken, sai a ga inda zaruruwan suka sauya. Kawu, ƙanen Inna kuma babba a cikin majeman garinmu, ya amsa mata zai yi. Ya kuwa yi. Taubashina ya tabbatar mini an yanka, an shanya, an ware kowanne. Daga baya ne Kawu ya kwashe su duka ya mayar cikin kwatarniya, ya ƙarasa jimarsu, ya rina. Maimakon matakai, sai ga mataki ɗaya an maimaita.

Da la'asar muka tafi majema. A ƙofa muka tsaya, inda mata ke tsayawa. Kawu ya fito yana goge hannu, muka durƙusa muka gaishe shi.

"Dakta, kin ga kayanki?"

"Na gani, Kawu. Allah ya saka. Amma ba haka muka yi da kai ba."

"Haka muka yi da ke lokacin da na ɗauka ɗakinki za ki kai, ki dudduba ki zubar. Sai ga uwarku tana gaya mini wai jirgi za su hau."

"Jirgin ba ya sauya komai, Kawu."

"Ya sauya. Ki ɗauki fata da guntun gashi, tana warin kashin kaji, ki shimfiɗa gaban baƙi ki ce aikin Azare ne? Da raina?"

"Ba mutum ne zai duba ba. Haske ne."

"Hasken wa ya kunna shi? Aljani?"

Ma'aikatansa suka yi dariya daga ciki. Shi bai yi ba.

Akwai doka a majema, ba a rubuce take ba, amma kowane majemi ya santa: fatar da ba ta gama jemuwa ba ba ta ƙetare ƙofa. Dokar tana da dalili, ba zan rage mata ba. Wanda ya ga rabin aiki, da shi zai auna gidan. Fata a tsakiyar jima abin ƙyama ce, kumburarriya, mai santsi, mai wari, kuma sunan majemi a jikin fatarsa yake yawo. Kawu bai ɓata aikin Auta don mugunta ba. A wurinsa karramawa ya yi mata: 'yar yayarsa za ta fita duniya, ya ba ta abin da ba za ta ji kunyar nunawa ba.

Na ce, "Kawu, a taimaka a sake wata. Kwanakin da suka rage mata sun isa jima ɗaya."

"Kawo fatu cikin mota, in jeme muku duka. Amma gamammu za su fita."

"Gamammu ba su da amfani a wurinta."

"To wurin ne ba shi da amfani."

Shirin da nake gabatarwa na noma da sana'o'i ne, don haka na san majema a ƙasar Katagum fiye da yawancin mata. A hanyarmu ta komawa na buga wa wani a Shira, na buga wa wani a Chinade. Kowanne ya saurare ni da ladabi har na gama, sannan ya yi tambaya iri ɗaya: "Alhaji ya sani?" Da na ce ya sani kuma ya ƙi, sai gaisuwa ta biyo baya, a gaida gida, a gaida Hajiya.

A gida Auta ta fara lissafin yadda za ta sanar da mutanen can cewa ba za ta zo ba. Ta ce gara ta janye da mutunci da ta je ta ɓata lokacin da wani zai amfana da shi. Ina sauraronta ina kallon tsohuwar kwatarniyar da ke kife bayan madafa, wadda Inna ta daina jiƙa gero a ciki tun da ta tsage a baki.

"Kin san matakan?" na tambaye ta.

"Na sani. Na daɗe ina tsayawa a ƙofar nan ina kallo."

"Kallo na tambaya ko sani?"

"Na san abin da ake yi. Hannuna bai taɓa yi ba."

"Fatar da kike so, sai ta yi kyau?"

Ta ce, "Sai dai ta bi matakan. Kyau ba ya cikin awon."

"To gobe da safe mu je mahauta."

Inna tana zaune tana tsince wake. A gidan majema aka haife ta, a warin nan ta girma, amma ba ta taɓa tsoma hannu a kwatarniyar jima ba, haka uwarta. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Ke, a gidan wa?"

"A nan, Inna. Gidan haya nake, ba za su yarda ba."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Ni dai idona bai gani ba."

Auta ta ce, "Hancinki fa, Inna?"

"Hancina ya tsufa. A majema aka yanke masa cibi."

Fatu biyu muka sayo, sababbin fiɗa. Mahaucin ya tambayi wane majemi za a kai wa, na ce gida za su. Na kwaso kayana na dawo ɗakin Inna don kwanakin. Muka wanke fatun, Auta ta yanki yankin farko daga gadon bayan kowacce, ta yi masa alama a gefen da ke kallon wuya, domin inda zaruruwan suka fuskanta yana cikin abin da za a auna. Muka dama toka da kanwa, muka tsoma. Safar hannun da ta zo da ita daga ɗakin gwaji ba ta kai ko'ina ba, ta yage. Daga nan hannu tsirara muka yi, kuma ruwan toka ba ya raga wa fatar mutum don ya ga ta akuya a kusa.

Da gashi ya fara saki, sai matsalar kartaji, wato ƙarfen nan mai mariƙi biyu da majema ke kankare fata da shi. Ba mu da shi, ba mai ara mana. Muka kife turmi, muka shimfiɗa fata a kai, na ɗauki dakusasshiyar wuƙar madafa. Fatar farko na huhhuda ta har ba ta da sauran gadon baya. Ta biyu Auta ta karɓi wuƙar, ta yi a hankali kamar mai aske jariri. Daga nan fata ɗaya ta rage mana, ba ta da mataimakiya.

Ina zuwa aiki a haka. Ranar da muka shiga matakin kashin kaji, na yi wanka da sabulu mai ƙamshi, na fesa turare, na shiga sitidiyo da labaran rana. Injiniyan da ke bayan gilashi ya shigo gyara makirufo, ya tsaya, ya shaƙi iska.

"Hajiya, ko akuya ta mutu a ɗakin nan?"

"Ta mutu, amma ba a nan ba. Kunna mini."

Na karanta labaran ba tare da tuntuɓe ba. Mai sauraro ba ya jin wari, wannan yana cikin alherin rediyo.

Maƙwabta kuwa suna ji. Matar gidan da ke jikin katangarmu ta ɗaga murya ta ce, "Bayin Allah, me muka yi muku?" Inna ta amsa daga inda take, "Ilimi ne ake dafawa, ki yi haƙuri, ya kusa nuna." Taubashina ma ya zo, wai gaida Inna. Ya leƙa kwatarniya, ya toshe hanci da hula.

"Sannu Sarkin Majema mace! Yaushe za a yi naɗi, mu zo da kalangu?"

"Ranar da ka koyi gaida manya."

Ya sake leƙawa. Na ga bakinsa ya buɗe zai gyara mana wani abu, sai ya rufe. "An hana ni," ya ce.

"Ba mu tambaye ka ba."

Muka daka bagaruwa a turmi, muka tankaɗe 'ya'yan, muka jiƙa garin da ruwan ɗumi. Nan ne aikin ya fara kama da jima. Fatar da ta kwana tana santsi kamar majina ta soma kama jiki, launinta ya juya zuwa na ƙasa, faratanmu ma haka. Kowane mataki Auta ta yanki nata, ta kafe shi da ƙusa a jikin katako cikin inuwa, in ya bushe ta rufe a leda. Munana ne ƙwarai. Wani ya ƙandare kamar kilishin da aka manta, wani ya nannaɗe, wani da guntun gashi a gefe, daidai yadda Kawu ya faɗa.

Fatar tana cikin bagaruwa Kawu ya zo. Da hantsi ne, ina tsugune ina murza ta. Ya yi sallama, ya wuce wurin Inna, ya gaishe ta cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi ƙafarta. Sai da ya gama sannan ya juyo.

"Yaya, a gidanki ake wannan?"

"Yaran zamani ne, Alhaji. Yi musu magana, ni sun fi ƙarfina."

Ya dube ni. "Ke babba. Ke da ya kamata ki hana."

Na gaishe shi a durƙushe, ruwan bagaruwa yana ɗiga daga gwiwar hannuna. Na ce, "Kawu, mun roƙa, ka hana, kuma majemarka ce. Doka ta ce fatar da ba ta gama ba ba ta ƙetare ƙofar majema. Wannan ba ta taɓa shiga majema ba."

"Lauya kika koma?"

"Labarai nake karantawa. Abin da aka faɗa nake maimaitawa."

"Tun kakanninmu mace ba ta sa hannu a kwatarniya."

"Ga shi ta sa, Kawu. Kwatarniyar ba ta fashe ba."

"Ke!" in ji Inna. "Kawunki ne."

Na sunkuyar da kai. Amma ban matsa daga gaban kwatarniyar ba, kuma ya lura ban matsa ba. Ya ɗauki muciya da ke jingine, ya miƙa ta gefena, ya ɗago fatar, ya dube ta ciki da baya.

"Wannan ba jima ba ce. Akuyar nan sau biyu ta mutu." Ya sake ta ta faɗa ruwa. "Kuma a je a ce daga Azare ta fito."

Auta ta fito daga ɗaki. Ta ce, "Za a ce daga tsakar gidan nan ta fito, Kawu. Zan rubuta cewa ni da Adda muka jeme, babu hannun majemi."

"Ki rubuta da manyan baƙi."

"Ni kuma zan faɗa a rediyo," na ce.

"Ki faɗa. Har da maimaici." Ya jingine muciyar inda ya same ta. "Yaya, ƙafata ba za ta sake taka gidan nan ba sai kwatarniyar nan ta bar shi."

Ya fita. Su biyu suka rage cikin 'yan ɗakinsu, Inna da shi, kuma tun rasuwar mahaifinmu bai taɓa barin Juma'a ta wuce bai zo ya zauna da ita ba. Ranar Inna ba ta ci abincin rana ba. Na gani. Na koma na ci gaba da murza fatar, don ruwan yana hucewa.

Muka shanya, muka shafa man gyaɗa, muka ja, muka buga. Yankin ƙarshe ya bushe ana gobe za ta tafi. Tana da izinin shiga da su can a bushe, a rufe. Da take haɗa jaka ta ɗauki jajayen Kawu ma ta saka. Ta ce gamammiyar fata ce ta hannun gwani, ita ma abin aunawa ce.

Ranar awon ta kira ni ta bidiyo da rana, ina gidan Inna. Ta zagaya da wayar don mu gani. Ɗakin awon ba shi da taga, cike da ƙarafa da wayoyi, ga dogon bututun kwance kamar gangar jikin tankar mai. Ta nuna mana wani ɗan allo mai huji-huji, an manne yankunanmu a kai, kowanne a bakin hujinsa. Na gane na toka da guntun gashinsa. Ba a zama a ɗakin idan hasken yana shiga. Ta zagaya ta tabbatar babu kowa, tana danna maɓallai a bango, jiniya tana kuka, sannan ta fito aka ja wata ƙatuwar ƙofa aka rufe. Sauran aikin daga ɗaki na gaba ake yi, a gaban kwamfuta.

Ban san me na zata zan gani ba. Kafin in gyara zama hoton farko ya fito. Ɗigo ne a tsakiya, inda aka tare hasken da ya wuce sak, sai zobba kewaye da shi, ɗaya bayan ɗaya, suna dusashewa zuwa waje. Wasu ba su haɗe ba, sun yi kauri a gefe biyu sun sirance a sauran.

Inna ta karɓi wayar ta kai kusa da ido. "Wannan ai faifai ne. Duk warin nan don faifai?"

Auta ta yi dariya har wani a bayanta ya waiwayo. Ta ce nisan zobe da zobe shi ke ba da tazarar gaɓoɓin zaren. Inda zoben ya yi kauri a gefe, zaruruwan sun fi fuskantar wuri ɗaya. Inda ya zagaye daidai, sun watsu ko'ina. Ta matsa zuwa yanki na gaba, da na gaba. Ko ni na ga zobban ba a wuri ɗaya suke tsayawa ba. Suna ɗan motsawa daga mataki zuwa mataki, kaurinsu yana sauyawa.

Yanki ɗaya bai ba da komai ba sai hazo, na kashin kaji. Ta ce da alama mun bar shi ya wuce lokaci a cikin zafi, ya lalace. Wataƙila abin da taubashina ya buɗe baki zai faɗa ke nan. Wannan mataki ya zama giɓi a aikinta, kuma a matsayin giɓi ta bayar da shi. Na Kawu ta auna kaɗan daga ciki ta tsaya, domin duk hoto ɗaya suke bayarwa. Fatarsa ta fi tamu, wannan ba sai an hau jirgi za a sani ba. Amma ƙarshen hanya kawai ta nuna, ita kuwa hanyar ta je nema, kuma a munanan yankunanmu ta same ta.

Na tambaye ta ma'anar motsin zobban. Ta ce sai ta gama lissafi. Ban matsa mata ba, kuma da na yi shirin a rediyo ban faɗi abin da ya wuce wanda ta amince ba. Na yi bayanin ginin, da hasken, da faifan Inna. Sannan na ce, a fili, fatar da aka bi matakanta ba aikin majeman Azare ba ce, ni da ƙanwata muka jeme ta a tsakar gida da wuƙar madafa, kuma duk wanda ya ga muninta kada ya ɗora wa kowa sai mu. An sa shirin, an kuma maimaita shi.

Taubashina ya kawo amsar Kawu. "Ya ce kin cika alkawari. Ya ce kuma bai taɓa jin wanda ya tona wa kansa asiri da Hausa mai kyau haka ba."

"Zai zo wurin Inna?"

"Kwatarniya ta fita?"

Ba ta fita ba. Na ce wa Inna gidanta ne, in ta ce a fitar, a ranar zan fitar. Ta ce ita ba ta ga wata kwatarniya ba. Yanzu ita ke zuwa wurinsa ranar Juma'a, a Keke, ta dawo tana ba mu labarin abin da ya ce game da mu, tana rage wani tana ƙara wani. Idan na gamu da shi a hanya ina durƙusawa in gaishe shi, ya amsa, ya tambayi aiki, ya dubi faratana.

Awon da Auta ta samo ya isa ta rubuta abin da ta rubuta, ya kuma isa ta sake nema. Wannan karon tana son cike giɓin, ta gwada da fatar tunkiya ma. Ta je ƙofar majema ta sake roƙon Kawu, don ba ma so a ce ba mu tambaya ba. Ya ce gamammu, ko babu.

Satin da ya wuce na je maƙera na ce a ƙera mini kartaji. Maƙerin ya ajiye guduma ya tambaye ni na wane majemi ne, don kowa da faɗin da hannunsa ya saba. Na miƙa masa hannuwana biyu na ce ya auna.